Yadda ake zaɓar wayar ɗumama bututu da tanki a masana'anta, da yadda ake ɗaura ta

Daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, masana'antun Gombe da ke aiki da baƙin mai, ko manja, ko man alaidi, ko kwalta, matsalarsu ɗaya ce. Da rana kaya na tafiya sumul. Da asuba a tayar da famfo sai ya yi ta gurnani, abin da ke cikin bututu ya yi kauri ya ƙi motsi. Abin da aka saba yi shi ne a kunna tsohuwar taya ko wutar gas a bi bututun ana gasawa, a ƙona fenti, a lalata gaskit, wani lokaci har a tayar da gobara. Aikin da ya dace shi ne a bi jikin bututun da wayar ɗumamawa ta lantarki, a lulluɓe shi da lagin, wato rigar da ke hana zafi zurarewa.

Kafin ka taɓa komai ka riƙe abu ɗaya. Wannan waya ba ta dafa kaya. Zafin da ke zurarewa daga bututu kawai take mayarwa, don kayan ya zauna a zafin da ya shigo da shi. Kamar filas ɗin shayi ne: lagin shi ne filas ɗin, wayar kuwa ɗan ƙarin da ke cike abin da filas ya kasa riƙewa. Wanda bai gane wannan ba, kuɗin waya zai yi ta kashewa a banza.

Kuma ba kowane mai ke buƙatarta ba. Man gyaɗa da man auduga ba sa daskarewa a sanyin Gombe, don haka masu matsarsu su ajiye kuɗinsu.

Kayan da za ka tanada

Wayar ɗumamawa, amma kada ka saye ta sai ka gama mataki na uku. Tare da ita, daga kamfani ɗaya, ka sayi kayan haɗa kai, da hular rufe wutsiya, da akwatin haɗi mai hana ruwa shiga. A kasuwar kayan wuta ta gari da wuya ka same su, yawanci daga Legas ko Fatakwal ake kawowa, saboda haka ka yi oda tun damina ba ta ɗauke ba.

Tef na zaren gilas da tef na alminiyam. Tamostat, ko kwantirola mai sensa PT100. Bireka nau'in C, da ELCB (mai yanke wuta in ta fara zurarewa zuwa ƙasa) ta miliamfiya 30, da kontakta idan lodin ya fi ƙarfin tamostat. Rokwul, wato audugar dutse, na naɗe bututu, kwanon alminiyam na rufe shi, da silikon na toshe kafa. Na gwaji kuwa: mega (mitar gwada lafiyar rigar waya), maltimita, mitar kilam, da bindigar auna zafi. Sai tef na awo, wuƙa mai kaifi, filaya, da burushin ƙarfe.

Mega ita ce ba a tsallakewa. Mai bolt 2500 aka fi so. In babu, mai 1000 ko 500 za ta yi, ko da aro ne daga masu aikin taransifoma. Maltimita ba ta maye gurbinta, domin batirinta ba shi da ƙarfin da zai tona ƙaramin rauni a jikin roba.

1. Samo lambobi uku da amsa ɗaya

Na farko, zafin da ake so kayan ya zauna a kai. Baƙin mai ana riƙe shi wajen digiri 50 zuwa 60 don famfo ya ja shi. Manja da man kaɗanya, 45 zuwa 50. Man alaidi yana fara ƙullewa da ya sauka ƙasa da digiri 25, don haka 35 ta ishe shi. Ruwan soda na masu sabulu, mai ƙarfin kashi 50, yana daskarewa wajen digiri 12, ka ga daren hunturu na iya kama shi. Kwalta ita ce babba, sai 150 ko sama.

Na biyu, sanyi mafi tsanani na wurin. Ni da digiri 12 nake lissafi a Gombe. Idan wurin fili ne mai iska, ko kusa da ruwa kamar Dadin Kowa, na sauko 10.

Na uku shi ne wanda ake mantawa: zafi mafi girma da bututun zai taɓa gani, ko da sau ɗaya ne a shekara. Kada ka tambayi manaja, ka tambayi mai kula da boila. Idan sukan busa tururi a layin don wanke shi, jikin bututun na iya kaiwa 150 ko fiye, kuma wayar da aka yi wa iyaka da 85 ta mutu ke nan, ko a kashe take a lokacin.

Amsar da za ka nema kuwa ita ce ko wurin yana da iskar da ke kama wuta, kamar kusa da tankin fetur ko gas. In haka ne, waya da akwati da tamostat duk sai masu tambarin Ex, kuma aikin ba na ɗan koyo shi kaɗai ba ne.

2. Lissafa zafin da ke zurarewa

Da rokwul, a matsakaicin zafi, lissafin shi ne: 0.25 sau bambancin zafi, a raba da ln na faɗin lagin bisa faɗin bututu. Maɓallin ln yana cikin kalkuletar wayar hannu, sai ka karkata ta ya fito.

Ɗauki bututu mai inci 2, faɗinsa ta waje milimita 60. Ka sa masa lagin mai kauri 50, faɗin ya zama 160. Ana son digiri 50, sanyin waje 12, bambanci 38. Raba 160 da 60, ka danna ln, za ka sami 0.98. Sai 0.25 sau 38, ya ba ka 9.5, ka raba da 0.98. Wat 9.7 ke nan a kowace mita. Ƙara rubu'i saboda iska da tsufan lagin, ka ce wat 12.

Yanzu ka ga aikin lagin. Da kauri 25 ne, lissafin zai haura wat 15 tun kafin ƙari. Da tsirara aka bar bututun, wat 70 zuwa 80 zai riƙa zubarwa, in iskar hunturu na kaɗawa ya wuce haka. A layin kwalta kuwa ka yi amfani da 0.31 a maimakon 0.25, domin rokwul na rage riƙo a zafi mai yawa, kuma wannan bututun dai zai nemi fiye da wat 40.

3. Zaɓi irin wayar

Mai daidaita kanta, wadda masu sayarwa ke taƙaitawa da SR. Kamfanin Raychem na Amurka ne ya fito da ita a 1972. In ka feɗe ta za ka ga wayoyin jan ƙarfe biyu a jere, tsakaninsu wata baƙar roba mai gaurayen gawayi. Robar ce ke yin zafin. In wuri ya yi sanyi ta ƙara jan wuta, in ya ɗau zafi ta rage, kuma kowane taki nata yana yin haka ne gwargwadon inda yake kwance. Ana yanka ta daidai tsawon da ake so, ana iya haye ta a kan kanta ba ta ƙone ba. Tana da aji-aji: mai riƙe har digiri 65, da mai 120, da mai 150.

Ga manja, man kaɗanya, soda da baƙin mai, ita nake zaɓa kusan kullum, musamman inda bawul da kwana suka yi yawa. Amma tana da tarko biyu. Wat ɗin da aka rubuta a jikinta na digiri 10 ne. Wadda aka rubuta wa wat 30, in 'yar ƙaramin aji ce, a digiri 50 tana iya ba ka ƙasa da rabin haka. Ka buɗe takardar kamfani ka duba abin da take bayarwa a zafin da kake so, shi za ka gwada da wat 12 ɗinka. Tarko na biyu, in aka kunna ta da sanyi tana fizgar wuta fiye da lodinta na 'yan mintuna, shi ya sa ake sa mata bireka nau'in C.

Mai wat ɗaya da ba ya canjawa, ko CW. Ita ma wayoyi biyu ne a ciki, amma wani siririn zaren nikurom ne aka naɗe a kansu, yana taɓa wannan sannan ya taɓa wancan a kusan kowace mita. Zafinta ba ya canjawa, ko bututu ya yi sanyi ko ya yi zafi. Ta fi SR araha, ba ta fizgar wuta, kuma wasunta na jure 200 ko sama. Sai dai ba ta da hankalin kanta. Ba tamostat, ba ita. In ta haye kanta, nan wurin zai ƙone. Ana yanka ta, amma sai ka laluba gaɓoɓin da yatsa, za ka ji ɗan lotsawa. Daga inda ka yanka zuwa gaɓa ta gaba ba ya zafi, wannan ɓangaren shi ake shigarwa akwati. Tana da kyau a miƙaƙƙen layi, inda akwai mai lura da tamostat.

Mai cibiya ɗaya, wadda wutar ke bi daga farko zuwa ƙarshe kamar elimen ɗin hita. Ta dogon zango ce, ɗaruruwan mitoci daga wuri guda. Ba a yanka ta. Wanda ya rage rabinta, kowace mita da ta saura za ta yi zafi ninki huɗu, ta ƙone kanta.

MI ita ce ta zafi sosai. Bututun ƙarfe ne siriri, cike da farin garin magnisiyam, zaren zafin yana tsakiya. Mai rigar sitenles na jure digiri 500 da ɗoriya. Ita ce ta kwalta da duk layin da ake yawan busa wa tururi mai ƙarfi. A kamfani ake haɗa ta da kai da wutsiya bisa awon da ka tura, saboda haka in awonka ya kauce, ba gyara a fili. Garin cikinta na shan laima, da rigar ta tsage ya jiƙe, shi ke nan. Ga tsada, ga taurin lanƙwasa. Kada ka sa ta a layin manja don kawai an ce ita ce mai ƙarfi.

Akwai kuma tsarin da ake yi wa bututun mai na kilomitoci masu yawa, inda ake walda ƙaramin bututu a jikin babban a zura waya ciki. Wannan aikin manyan kamfanoni ne, mu wuce.

Idan masana'antar tana da boila da ke aiki dare da rana, siririn bututun jan ƙarfe mai ɗauke da tururi na iya fin lantarki sauƙi. Masu dafa kwalta da yawa kuma da zazzafan mai suke zagaye layinsu. In akwai ɗaya daga cikin waɗannan a wurin, ka faɗa wa mai aikin gaskiya ko da kwangilarka za ta ragu.

4. Auna tsawo, ka duba wutar da ke akwai

Bi layin da tef na awo da ƙafarka, kada ka dogara da zane. A kan tsawon bututu ka ƙara na bawul, filanji da kowace ƙafa da bututun ya hau, domin nan ne zafi ya fi gudu. A inci 2, nakan ba bawul kusan mita ɗaya, filanji da ƙafa kusan rabin mita kowanne, famfo mita biyu, sai mita ɗaya ta kai da wutsiya. Takardar kamfani na da jadawalin wannan, da na iyakar tsawon da bireka ɗaya za ta ɗauka. In layin ya wuce iyakar, raba shi gida biyu.

Sai maganar da ta fi damunmu a nan. An yi waɗannan wayoyi ne don bolt 230. In wuta ba ta cika ba ta sauka 190, waya mai wat ɗaya kashi 68 cikin 100 kawai za ta bayar. Ka auna wutar wurin da dare, lokacin da za ta yi aiki, ba da tsakar rana ba. Kuma ka tabbata layin ɗumamawa yana kan janaretan da ke kwana a kunne. In an ɗauke wuta tsakar dare aka bar kaya ya daskare, wat 12 ba za ta narkar da shi kafin ma'aikata su iso ba. Inda ba za a iya kwana da janareta ba, a koya wa masu aiki su zuƙe layin ya zama fanko kafin a tashi.

5. Gwada, sannan ka ɗaura

Tun tana kan nadinta ka yi mata mega, tsakanin wayoyin ciki da ragar ƙarfen da ke ƙarƙashin riga. Kada ta gaza megohm 20. Sabuwa mai lafiya takan nuna ɗaruruwa ko dubbai. Rubuta abin da ka gani a littafi.

A gama duk walda da gwajin yoyo kafin ka fara. Goge tsatsa, ka kankare tsinin walda da zai huda riga. Waya tana bin ƙasan bututu ne amma ba tsakiyar ƙasa ba, ka dubi agogo, inda ƙarfe 4 ko ƙarfe 8 yake. A sama za a taka ta, a tsakiyar ƙasa kuma ruwan da ya shiga lagin nan yake taruwa. Ɗaure da tef na gilas duk santimita 30, ta manne da ƙarfe sosai. Inda ta yi ciki ta bar jikin bututu, iska take ɗumamawa.

Kada ka ɗaure SR ko CW da wayar ƙarfe, tana yanka riga. Baƙin tef na masu wayarin kuma narkewa yake yi. In tef na gilas ya yanke maka, na alminiyam zai yi a layin da bai wuce digiri 60 ba. MI ce kaɗai ake ɗaurewa da zaren sitenles. A bututun roba, SR 'yar ƙaramin aji kawai ake sawa, a bi ta da tef na alminiyam daga farko har ƙarshe don zafin ya bazu.

A bawul, kada ka naɗe shi kamar rawani. Ka yi wa wayar lanƙwasa mai kamar madauki, ka kwantar a jikinsa, yadda ranar da makaniki zai cire bawul ɗin zai zare madaukin gefe ba sai ya sa wuƙa ba. A kwana, ta bi bayan kwanar. In waya ɗaya ba ta kai wat ɗin da ka lissafa ba, ka ja biyu a jere, ɗaya a 4 ɗaya a 8. Ya fi murɗa ta a jikin bututu sauƙin gyara.

6. Kai, wutsiya da sensa

Kuskuren da ya fi yawa a wurin masu wayarin gida shi ne murɗe wayoyi biyun a wutsiya, wai don wuta ta zagayo. A SR da CW wannan shot ne kai tsaye. A yanke wutsiyar, a raba su, a sa hula. Ba a maye gurbin hula da tef, ko na kwana ɗaya.

A kai, ka feɗe riga a hankali, ka tattara ragar ƙarfen ka murɗe ta ka kai ta tashar ating. A SR sai ka kankare baƙar robar daga wayoyin biyu tas, ka zura musu rigar da ta zo cikin kayan haɗi. Wayoyi su shiga akwati ta ƙasa, don ruwan Agusta kada ya bi su ya shiga. Sensa kuma a jikin bututu ake manna ta, gefen da ba waya, nesa da bawul da ƙafa. In ta jingina da wayar, zafin waya za ta karanta ta kashe wuta alhali mai yana nan da sanyinsa. Ka sake yin mega kafin masu lagin su zo.

7. Lagin

Ka tsaya a kansu har su gama. Busasshen rokwul kawai za a sa, ya rufe bawul da filanji duka. Haɗin kwanon ya kalli ƙasa, na sama ya hau kan na ƙasa, a toshe duk inda bawul ko ƙafa ta fito da silikon, domin jiƙaƙƙen lagin bai fi babu ba da komai. Ka lura da mai diril: sukuru ko ribit ɗaya ya isa ya huda wayar, kuma ba za ka sani ba sai ELCB ta fara faɗuwa. In babu rokwul, audugar gilas za ta yi a layin mai. Baƙar robar masu AC kuwa kada ta wuce layin da ke ƙasa da digiri 80. Soson katifa da buhu, a'a, itacen gobara ne. In sun gama ka yi mega ta uku, ka manna alamar cewa akwai wuta a ƙarƙashi duk bayan mita uku.

8. Tanki

Lissafinsa da faɗin jiki ake yi. Tanki mai faɗin mita 2 da tsayin mita 3, jikinsa da sama da ƙasa sun kai murabba'in mita 25. Da lagin mai kauri 50 da bambancin digiri 38, kowane murabba'i na zubar da wat 30, jimla 760. Ƙara na ƙafafu da murfin shiga da bakin bututai, ka ce wat 1000. In wayarka na ba da wat 20 a wannan zafin, mita 50 ke nan, zagaye takwas.

Duk zagayen a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa za su zauna, ƙasa da inda mai ke tsayawa in tanki ya yi ƙasa, da tazarar santimita 10 zuwa 15, a bi kowanne da tef na alminiyam. Bakin fita da bawul ɗinsa su sami nasu kaso, nan ne ake fara toshewa.

Mai masana'anta zai tambaye ka ko wannan zai ɗumama masa tankin da ya huce. Yi masa lissafi a gabansa. Wannan tanki na ɗaukar lita 9000 na manja, wajen kilo 8100. Ɗaga shi digiri 20 kawai na cin yunit 90 na wuta. Da wat 1000, awa 90 ke nan, kusan kwana huɗu, ba a ma sa narkewa da abin da ke zurarewa ba. Mai son haka sai ya sa hitar da ake zurawa cikin tanki ko nadin tururi, wayar ta riƙe abin da suka ɗumama. Duro kuwa akwai bel na ɗumamawa da ake ɗaura masa a ƙugu.

9. Kunnawa

Danna maɓallin gwaji na ELCB ka ga ta faɗi, sannan ka ba da wuta. Sa mitar kilam ka bar ta minti goma. A SR za ka ga amfiya ta tashi sannan ta riƙa sauka har ta tsaya. A CW da MI tana tsayawa wuri guda tun farko. In bireka ta faɗi nan take, duba wutsiya da akwati. In sai bayan 'yan daƙiƙu, layin ya yi mata tsawo ko ba nau'in C ba ce. In ELCB ce ke faɗuwa, akwai huda ko laima, kuma cire ta a haɗa kai tsaye ba gyara ba ne, a layin baƙin mai ma neman gobara ne.

Washegari da asuba, kafin a tayar da famfo, ka zagaya da bindigar auna zafi. Inda kwanon ya yi ɗumi fiye da sauran, lagin ya yi rami ko ya jiƙe a nan. Rubuta bolt, amfiya da sakamakon mega na kowane layi, ka bar kwafi a cikin fanel. Duk Oktoba, da ruwa ya ɗauke, a maimaita mega, a buɗe akwatuna a duba laima, a kuma bi duk bawul ɗin da aka gyara da damina a ga ko an mayar da madaukin waya da lagin ɗinsa.